Daga Dawakin Kudu Zuwa Samaru: Yadda Aka Taɓa Ɗaukar Nauyin Ɗan Ƙauye Ya Karanci Kimiyya

Sanin kowa ne cewa ƙauyukanmu ba su taɓa rasa yara masu kaifin basira ba. Abin da aka daɗe ana rasawa shi ne mai ɗaukar nauyin yaron tun daga aji har ya kai ga zama injiniya ko likita. Mu da muke riƙe da alli a makarantun sakandare mun fi kowa sanin haka, domin a hannunmu irin waɗannan yara suke wucewa, kuma a kan idonmu da yawansu suke komawa gona ko tasha.

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya a 1962, an samu gine-gine da malamai, amma 'yan Arewa da suka cancanci shiga fannin kimiyya ba su taka kara sun karya ba. Dalilin a bayyane yake: makarantun da ke koyar da kimiyya yadda ya kamata 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk a birane suke. Wannan ne ya sa a zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likita ne haifaffen Anchau, jami'ar ta buɗe makarantar share fage a 1970, don ta ɗauki waɗanda suka gama sakandare ta ƙara gasa su kafin su shiga karatun digiri.

Amma a ganinmu, babban yunƙurin da ya fi taɓa ɗan talaka shi ne wanda Jihar Kano ta yi a 1977, zamanin mulkin Kanal Sani Bello. Jihar ta duba ta ga asibitocinta da ma'aikatunta na ayyuka sun dogara ne kan baƙi, sai ta kafa hukuma ta musamman da makarantun kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura a 1981, garin da ya koma Jihar Jigawa a 1991. Hikimar tsarin ita ce, jarrabawa ake yi a zaɓo yara daga makarantun jihar baki ɗaya, ba a tambayar ɗan wane ne. Wanda ya ci, makarantar kwana ce, gwamnati ke ci da shi, ga ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aiki. Ɗan manomi da ɗan attajiri kwano ɗaya suke miƙawa.

Ya kamata mai karatu ya tuna halin da manomi yake ciki a wancan lokaci. Farin farkon shekarun 1970 ya ci dabbobi, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta share amfanin da talaka yake sayarwa ya ga kuɗi a hannunsa. Uban da ke cikin wannan hali, ina zai samo kuɗin littafin lissafi? Saboda haka in ba don hukuma ta shigo ba, da waɗannan yara ko ƙofar jami'a ba su gani ba. A jami'ar ma, jihohi suna ba ɗalibansu kuɗin tallafin karatu, abinci kuma gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa.

To, amma abin bai ɗore ba. A 1978 aka ƙara kuɗin abinci da na masauki a jami'o'i, ɗalibai suka yi boren da ake tunawa da sunan Kanal Ahmadu Ali, mai kula da ilimi a gwamnatin tarayya ta lokacin, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi warwas, littattafan kimiyya kuwa daga waje ake kawo su. Nan fa bambanci ya fito fili. Mai karatun injiniya shekara biyar zai yi, likita shida, ga allon zane, ga na'urar lissafi, ga watannin koyon aiki a masana'antar da ke garin da bai san kowa ba. Ɗan birni yana iya leƙawa gida ya ci tuwo. Ɗan ƙauye kuwa sai abin da ya zo da shi a buhu.

Abin mamaki, mu marubuta mun cika kasuwa da labaran soyayya, amma da wuya ka ga littafin da tauraronsa yaro ne da aka sayar da ragon gidansu don ya biya kuɗin rajista.

Ba mu ce an naɗe hannu ba tun daga nan. Kano ta buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rancen karatu ta hannun asusun NELFUND. Sai dai rance daban, kyauta daban, kuma manomi mutum ne mai tsoron bashi. A 1977 hukuma ce ke bin makarantu tana neman yaron. A tsarin rancen kuwa, yaron ne zai hau mota zuwa gari, ya biya mai shagon kwamfuta ya cike masa takardar neman rancen ta intanet, sannan ya koma ƙauye ya zauna jiran amsa.