Gasar Boeing da Airbus: yadda ake yanka kuɗin jirgin sama, sabo da na hannu

Kamfanoni biyu ne ke ƙera kusan dukkan manyan jiragen fasinja da ke shawagi a duniya a yau: Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Cinikin da suke ƙullawa da manyan kamfanonin sufuri shi ke yanka kuɗin sabon jirgi, kuma bayan shekaru shi ne ke yanka kuɗin tsohon jirgin da ke sauka a Damagaram, Katsina ko Kano. Maniyyacin da ya sayar da rake, gyaɗa ko bijimi a Icirnawa ta yankin Matameye domin biyan kujerar Makka, a cikin kuɗin da ya zuba akwai kason wannan ciniki.

Yadda kasuwar ta koma hannun kamfanoni biyu

An kafa Boeing a birnin Seattle a 1916. Airbus kuwa sai a 1970 Faransa da Jamus suka haɗa kai suka kafa shi, daga baya Sifen da Ingila suka shigo, kuma babbar masana'antarsa tana Toulouse. A wancan lokaci masu ƙera jirage suna da yawa, amma ɗaya bayan ɗaya suka fita. Lockheed ya bar ƙera jiragen fasinja a shekarun 1980, Fokker na Holan ya karye a 1996, Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997. Waɗanda suka rage a gefe, kamar Embraer na Brazil da ATR na Faransa da Italiya, ƙananan jirage suke yi. Jirgin C919 na kamfanin COMAC na ƙasar Sin ya fara ɗaukar fasinja a watan Mayun 2023, amma har yanzu kamfanonin Sin ne manyan masu aiki da shi.

Kuɗin da aka ambata da kuɗin da aka sallama

Kamar a kasuwar shanu, sunan da mai kaya ya sa daban, abin da ya sallama daban. A jerin farashin da Airbus ya fitar a 2018, jirgin A320neo yana kan dalar Amurka miliyan 110.6, wato kusan miliyar 66 na sefa idan aka lissafa dalar Amurka ɗaya a kan sefa 600. Kishiyarsa, Boeing 737 MAX 8, an sa shi a kan miliyan 121.6 a 2019. Babu babban mai saye da ke biyan wannan kuɗi. Masu kimanta darajar jirage sun daɗe suna nuna cewa ragin kan kai rabi, wani lokaci ya zarce. A 2019 ma Airbus ya daina buga jerin farashin kwata-kwata.

Dalilin ragin shi ne, kamfanin sufurin da ya zaɓi irin jirgi guda yakan zauna a kansa shekaru ashirin ko fiye, domin a kansa zai horar da matuƙa da makanikai, ya tara kayan gyara. Wanda ya rasa cinikin yau ya rasa na gobe da na jibi. Shi ya sa a watan Janairun 2002, bayan harin 11 ga Satumba ya kashe kasuwa, Ryanair na ƙasar Ireland ya yi odar Boeing 737 guda 100 a kan rangwame mai yawa. A cikin wannan shekarar easyJet na Ingila, wanda a da Boeing kaɗai yake aiki da shi, ya koma wajen Airbus da odar A319 guda 120.

Gasar kan taɓa har irin jirgin da za a ƙera. Airbus ya sanar da A320neo a watan Disambar 2010, da sabbin injina da ya ce suna rage shan mai da kusan kashi 15 cikin 100. A watan Yulin 2011 American Airlines ya raba odar jirage 460 tsakanin kamfanonin biyu, 260 ga Airbus, 200 ga Boeing. Wata guda bayan haka Boeing ya ƙaddamar da 737 MAX, wato tsohon jirginsa da sabbin injina, maimakon ya ɗauki shekaru yana zana sabo.

Gwamnatoci ma suna cikin kokawar. Daga 2004 Amurka da Tarayyar Turai suka yi ta shari'a a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kowa na zargin ɗan'uwansa da tallafa wa kamfaninsa da kuɗin gwamnati, sai a watan Yunin 2021 suka jingine rigimar na shekaru biyar. Da kamfanin Bombardier na Kanada ya sayar wa Delta jirage 75 a 2016, Boeing ya kai ƙara cewa an karya farashi. Boeing ya faɗi a shari'ar a farkon 2018, amma kafin nan Bombardier ya amince ya miƙa ragamar shirin ga Airbus, wanda ya sake wa jirgin suna A220.

Sai dai mai sayen ɗari shi ke samun babban ragi. A 2023 Air India ya yi odar jirage 470, IndiGo ya yi ta 500. Air Peace na Najeriya guda 10 na 737 MAX ya yi oda a 2018, Ibom Air ma guda 10 na A220 a 2021. Mai sayen goma ba ya taya kaya kamar mai sayen ɗari biyar.

Abin da ke karya darajar jirgi na hannu

Duk lokacin da sabon jirgi mai ƙarancin shan mai ya fito, kuma aka sayar da shi da ragi, manyan kamfanoni sukan saki na hannunsu, kaya su yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi. Hakan ya fi bayyana a jirage masu injina huɗu. Da Boeing 777 mai injina biyu ya nuna zai iya doguwar tafiya da ƙarancin mai, kuma gangar ɗanyen mai ta kai dalar Amurka 147 a 2008, sai Airbus A340 ya rasa masu saye, aka daina ƙera shi a 2011. An miƙa A380 na ƙarshe a 2021, Boeing 747 na ƙarshe kuma a watan Janairun 2023. Shi kansa 777 bai tsira ba da sabbi suka fito: a ƙarshen 2015 kamfanin Delta ya bayyana cewa ya ƙulla cinikin wani na hannu a kan dalar Amurka miliyan 7.7 kacal.

Jiragen da suka iso ƙasar Hausa

Daga wannan kasuwa kamfanonin yankin nan suke sayayya. Kabo Air, da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, da tsofaffin jiragen BAC 1-11 da Boeing 727 da 747 ya yi aiki. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, wanda ya sha jigilar alhazan Najeriya da na Nijar, ya samo jiragensa na 747 bayan sun yi aiki a Japan da Koriya ta Kudu. Azman Air na Kano ya kawo A340-600 a 2020, wanda a da mallakar Virgin Atlantic ne. Tsohon jirgi mai kujeru da yawa ya dace da aikin Hajji, domin aiki ne na ƴan makonni, kuma jirgin da aka saya da araha ba ya cin mai shi da bashi idan ya yi watanni a ajiye.

A Nijar, kamfanin Niger Airlines ya fara zirga-zirga tsakanin Yamai, Damagaram da Agadas a 2014 da jirgin haya ƙirar Fokker 50, shekaru 18 bayan karyewar kamfanin da ya ƙera shi. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta sayi jirgin shugaban ƙasa, Mont Gréboun, ƙirar Boeing 737-700 wanda ba sabo fil ba ne, a kan kusan miliyar 20 na sefa, domin maye gurbin Mont Bagzane da aka saya tun zamanin Seyni Kountché.

Sayen sabo da bashi ma yana da nasa haɗarin. Air Afrique, da aka kafa a Yawunde a 1961 tare da Nijar cikin ƙasashen da suka mallake shi, ya ci bashi ya sayi jiragen Airbus A310. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, bashin ya ninka ga kamfanin da yawancin kuɗin shigarsa sefa ne. Masu bin bashi sun ƙwace jirage huɗu a 1998, kamfanin ya durƙushe a 2002.

Lokacin da na hannu ya yi tsada

Kasuwar kan juya idan masana'antu suka kasa fitar da sabbi a kan lokaci. Bayan haɗura biyu na 737 MAX, a Indunisiya a 2018 da Habasha a 2019, da suka kashe mutane 346, an dakatar da jirgin kusan watanni 20. Annobar korona ta biyo baya ta tarwatsa masu samar da kayan haɗi. A 2023 aka gano matsala a wasu injinan Pratt & Whitney, ɗaruruwan jiragen Airbus suka tsaya jiran bincike. A farkon 2024 hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙayyade wa Boeing jiragen 737 MAX guda 38 a wata. Odar da ke jira a wajen Airbus ta haura 8,000, ta Boeing ta haura 5,000, wanda ke nufin mai oda yau sai ya jira shekaru.

Sakamakon haka manyan kamfanoni suka riƙe tsofaffin jiragensu, suka tsawaita haya. Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, a hannun kamfanoni irin su AerCap na birnin Dublin, kuma kuɗin hayar ya tashi. Ƙaramin kamfanin Kano ko Yamai sai ya samu kansa yana takara da manya a kan jirgin da a da babu mai waiwayarsa.

Inda abin ya shafi kuɗin kujera

Arahar tsohon jirgi a wurin saye take. Ya fi sabo shan mai, ya fi yawan zuwa gyara, kuma bayan ƴan shekaru dole a kwance shi a duba ko'ina, aikin da galibi a ƙetare ake yi. Mai, kayan gyara, inshora da haya duk da dalar Amurka ake lissafinsu, alhali fasinja sefa ko naira yake biya. Shekaru kaɗai ba sa mai da jirgi abin tsoro muddin ana kula da shi yadda doka ta ce, amma hukumomi kan sa iyaka: bayan faɗuwar jirgin BAC 1-11 na kamfanin EAS a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayun 2002, Najeriya ta hana shigo da jirgin da ya haura shekaru 22.

Idan hukumar COHO mai shirya Hajji da Umra ta sanar da kuɗin kujera, kuɗin jirgi na daga cikin manyan kason da ke ciki, tare da masauki da hidimar Saudiyya. Wannan kaso yana bin abubuwa uku: farashin mai, ƙarfin dalar Amurka, da kuma ko manyan jirage na hannu sun yi yawa a kasuwa a wannan shekara ko sun yi ƙaranci.