Jean Dausset: Masanin garkuwar jikin da tasirinsa ya zarce ƙidayar ambato

A gefen unguwar Belleville da ke birnin Paris, inda ɗimbin 'yan Afirka ke zaune, akwai tsohon asibitin Saint-Louis. A nan ne Jean Dausset, likitan jini ɗan Faransa, ya shafe shekaru masu yawa yana binciken da a yau ake dogaro da shi kafin a yi wa majinyaci dashen ƙoda ko na ɓargo.

An haife shi a birnin Toulouse a 1916, ya kuma rasu a 2009.

Abin da ya gano

Dausset ya lura cewa wasu marasa lafiya da aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsu kan ƙera sinadaran kariya da ke far wa fararen ƙwayoyin jinin wasu mutane, amma ba sa taɓa nasu. A 1958 ya wallafa maƙala da Faransanci a mujallar Acta Haematologica, inda ya bayyana wata alama da ke jikin waɗannan ƙwayoyi. Ya raɗa mata suna MAC, daga haruffan farko na sunayen mutum uku da suka ba shi jininsu.

Ita ce ta farko a rukunin alamomin da yanzu ake kira HLA, waɗanda da su ne jiki ke bambance nasa da baƙo. Idan na mai bayar da ƙoda suka yi nisa da na mai karɓa, jiki kan yi yunƙurin fatali da ita. Aikin ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1980, tare da Baruj Benacerraf da George Snell.

Yadda ake auna tasirin masani

Jami'o'i kan auna masani da yawan maƙalolinsa da kuma yawan lokutan da wasu suka kafa hujja da su. Eugene Garfield ne ya fito da kundin ƙidayar ambaton a Amurka a 1964, sannan a 2005 Jorge Hirsch ya gabatar da ma'aunin h: wanda ke da maƙaloli 50 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 50, ma'auninsa 50 ne.

Sai dai ma'aunin na da giɓi. Ya fi karkata ga abin da aka rubuta da Ingilishi, kuma da zarar ilimi ya zama ruwan dare ya shiga littattafan ɗalibai, sai a daina ambaton wanda ya faro shi. Masu rubutu a kan HLA a yau ba kasafai suke komawa ga maƙalar 1958 ba, alhali a kanta suka ɗora gini.

Inda sawunsa ya bayyana

A 1984 Dausset da Daniel Cohen suka kafa cibiyar CEPH, wadda ta tattara ƙwayoyin gado na manyan iyalai 40 tana raba wa masu bincike a faɗin duniya, abin da ya taimaka wajen zana taswirar ƙwayoyin gadon ɗan'adam.

A asibitin na Saint-Louis ne kuma Éliane Gluckman ta yi nasarar dashen jinin cibiya na farko a duniya a 1988, bayan an tabbatar da cewa alamomin yaron sun dace da na ƙanwarsa.

Afirka ta Yamma ma ta shaida. A 1991, binciken da Adrian Hill ya jagoranta a Gambiya ya nuna cewa yaran da ke ɗauke da nau'in HLA-B53 ba su cika kamuwa da matsanancin zazzaɓin cizon sauro ba.

Haka nan iyalin da ke neman dashen ɓargo ga ɗansu mai cutar sikila, a Kano ne ko a Maraɗi, gwajin HLA ne zai fara tantance wanda zai iya bayarwa a cikin 'yan'uwa. Damar dacewar kowane ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya ita ce ɗaya cikin huɗu.

Babu kundin ƙidaya da ke lissafa waɗannan gwaje-gwaje a matsayin ambato, amma kowannensu daga aikin Dausset ya samo tushe.