Ƙotar Winchester da rigimar samfefa

A watan Nuwamba na 2014, masu binciken kayan tarihi a gandun dajin Great Basin da ke jihar Nebada ta Amurka suka ci karo da wata bindiga jingine da bishiya, gindinta ya nutse cikin ƙasa, bakinta na kallon sama. Ƙarfenta ya yi tsatsa, katakonta ya koɗe ya koma ruwan toka, ya tsattsage har ya saje da ɓawon bishiyar. Lambar da ke jikinta ta nuna Winchester ce samfurin 1873, wadda aka ƙera a 1882. Da aka kai ta gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wayomin, ƙwararrun wurin ba su kankare ta ba, ba su kuma shafa mata banish ba. Wani ruwan gam mai sauƙi suka sa wa katakon don kada ya ci gaba da marmashewa, sannan suka haska cikinta da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, sai ga harsashi guda a ɗan kogon da ke cikin ƙota, inda ake ajiye sandar goge bututu. Wanda ya saba da aikin kafinta zai ce an yi rabin aiki an bari. Ni kuwa ina ganin sun yi abin da ya dace, kuma ya kamata masu tara irin waɗannan tsofaffin bindigogi su yi koyi da su, domin a jikin katakon ne aka fi samun labarin rayuwar da bindigar ta yi.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda masu kallon fina-finan kaboyi suka sani: mai wani ƙarfe kamar mariƙin buta a ƙarƙashin kunama, wanda in aka tura shi ƙasa aka dawo da shi, sai ya tofar da kwanson da aka harba, ya ɗora sabon harsashi, ya kuma ɗana bindigar. Wannan liba ita ce asirinta. Oliver Winchester, wanda sunansa ya bi ta, ba maƙeri ba ne. Attajiri ne mai masana'antar ɗinka riguna a garin New Haven, ya zuba kuɗi a wani kamfanin bindiga mai suna Volcanic, kamfanin ya karye, shi kuma ya gaji ragowar. Shugaban maƙeransa, Benjamin Tyler Henry, shi ya gyara ƙirar a 1860, ya fitar da bindigar da ake kira Henry, mai cin harsashi 15 a bututun da ke ƙarƙashin na harbi, a zamanin da yawancin sojoji ke ɗura albarushi ta baki. An ƙera kimanin 14,000, kuma wasu sojojin Arewa a yaƙin basasar Amurka da kuɗin aljihunsu suka saye ta. Sai dai tana da aibi. Ba ta da katako a gaba inda hannun hagu ke riƙewa, saboda akwai tsaga a ƙarƙashin bututun harsashin wadda dole a bar ta a buɗe, don haka in wuta ta yi wuta sai ƙarfen ya ƙona hannu. A 1866 wani ma'aikacin kamfanin, Nelson King, ya ƙirƙiro 'yar ƙofar ɗura harsashi a gefe, aka rufe tsagar, aka sami damar ɗora katakon gaba. Ashe tun farko katakon nan buƙata ce ta kawo shi, kuma shi da ƙota ne wurin da jikin mutum ke haɗuwa da bindigar: tafin hannu, kunci da kafaɗa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Samfurin 1873 ya haura 720,000, sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa Rashawa ɓarna da samfurin 1866 a Plevna a 1877, mai ƙirar bindigogi John Browning ya zana samfuran 1886, 1892, 1894 da 1895, kuma na 1894 kaɗai ya wuce miliyan bakwai kafin a rufe masana'antar New Haven a 2006.

Ƙarfen duk waɗannan bindigogi inji ne ya yanka shi, kuma abin da zai iya faɗa kaɗan ne: lamba, samfuri, girman harsashi. Kundin kamfanin da ke ajiye a Cody ma yakan tsaya ne ga ranar da bindiga ta shiga sito, da ranar da ta fita, da siffar da ta fita da ita. Abin da ya faru bayan nan sai a tambayi katako. Itacen walnat na Amurka da aka sassaƙa ƙotar da shi yana riƙe tabo kamar fatar mutum. Bindigar da ta shekara ana gicciya ta a gaban sirdi takan sami wani kwari mai santsi a katakon gaba, daidai inda sirdin ke gogarta. Wadda aka daɗe ana jinginawa a lungu bayan an cika mata mai, man yakan gangaro ya jiƙa wuyan ƙotar ya mai da shi baƙi. Bindigogin Henry da gwamnati ta saya suna ɗauke da ɗan hatimin jami'in da ya duba su, haruffa uku, C.G.C., da aka danna a jikin katakon, kuma zurfinsu bai fi a share shi da gugar samfefa biyu ko uku ba. Mafi muhimmanci a ganina su ne bindigogin ƙabilun asalin ƙasar. Binciken da aka fara a filin yaƙin Little Bighorn a 1984 ya tono kwansunan da suka tabbatar cewa mayaƙan Lakota da Cheyenne sun riƙe Henry da Winchester a 1876, alhali sojojin Amurka da Custer ya jagoranta na fama da bindiga mai cin harsashi ɗaya. Waɗannan mutane ba su bar rasit ko kundin sito ba. Abin da suka bari shi ne ƙusoshin tagulla da suka jera a jikin ƙota don ado, da ɗanyar fata da suka naɗe wuyan da ya karye, ta bushe ta matse shi gam. Mai gyaran da ya cire ƙusoshin ya toshe ramukan da gari ya shafe sa hannun mai ita ke nan.

Masu son gyara suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, sukan ce bindiga kayan aiki ce, kuma mutumin da ya saye ta a 1890 da kansa zai shafa mata mai in ya ga ta bushe, ya sake mata ƙota in ta karye, to me ya sa na yau zai zama mai laifi? Gaskiya ne, kuma shi ya sa tsohon gyara ya zama wani ɓangare na tarihin. Amma akwai bambanci tsakanin gyaran da ake iya warwarewa da wanda ba a iyawa. A goge dauɗa da tsumma, a shafa ɗan kakin zuma, a tsotse man da ya ruɓar da wuya da farin alli, a liƙe tsaga daga ciki: duk waɗannan sun bar katakon yadda yake. Samfefa kuwa ɗiba take yi, abin da ta ɗiba ba ya dawowa. A masana'anta akan bar katakon ya ɗan ɗara ƙarfen da ya kewaye shi tudu, da kaurin farce ko ƙasa da haka. Gwanin saye yakan shafa yatsa a wannan mahaɗar tun kafin ya dubi launi. In ya ji ƙarfe ya taso sama da itace, kusurwoyi sun yi dungu, ya san an kankare, ko da sheƙin ya kai na madubi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Bindigar da aka ƙera miliyan bakwai, ina tarihin da za a yi asara in mutum ya gyara tasa guda? A nan dole a sassauta. Samfurin 1894 da aka yi bayan 1964, shekarar da kamfanin ya rage tsadar ƙira har masu saye suka yi ta ƙorafi, wadda kuma wani ya riga ya lafta mata banish na zamani, ba abin da zai hana mai ita ya cire shi ya mayar mata da jan launin da aka san Winchester da shi. Haka wadda ake farauta da ita kuma wuyanta ya tsage, ba hankali ba ne a kara ta da kunci a harba. Ko da yake mafita mai sauƙi ita ce a sayo sabuwar ƙota a ɗaura, a naɗe ta asali a ajiye. Inda hujjar ta gaza shi ne, yawan abin da aka ƙera daban yake da yawan abin da ya tsira ba a taɓa shi ba. Adadin na biyun kullum raguwa yake, kuma kowane mai samfefa yana ganin tasa ɗaya ce cikin dubu. Ga shi kuma sau da yawa ba a sanin darajar bindiga sai daga baya. A cikin ramin ƙota da kan ƙarfen da ke ɓoye ƙarƙashinta akwai lambobin haɗi da ma'aikata suka buga, waɗanda da su ake gane ko katakon da ƙarfen tare suka baro masana'anta. Wanda bai san da su ba zai iya yar da ƙotar asali yana murna ya rabu da ruɓaɓɓen itace.

Akwai kuma masu cewa duk wannan tsarkake tabo dabarar 'yan gwanjo ce don farashi ya hau. Da ɗan gaskiya a ciki, kuma abin ya haifi nasa ha'incin, don akwai masu buga sababbin ƙusoshin tagulla a tsohuwar ƙota su ce ta wani jarumin Lakota ce. Ma'aunin da ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta shimfiɗa wa tsofaffin bindigogi ya dogara ne da yawan shafen asali da ya rage, kuma samfurin 1886 mai lamba 1, wadda aka ba Kyaftin Henry Lawton kyauta bayan miƙa wuyan Geronimo, wani jagoran mayaƙan asalin ƙasar, ta haura dala miliyan 1.2 a gwanjon 2016. To amma kwaɗayin ɗan kasuwa bai ɓata hujjar masanin tarihi ba. Hasali ma da katakon da ba a taɓa ba ake kama mai ha'incin, domin ƙusar da ta shekara ɗari a wuri takan bar zoben dauɗa a kewayenta, itacen da ke ƙarƙashinta kuma launinsa ya bambanta da na waje. In an kankare ƙotar, shaidar gaskiya da ta ƙarya duk sun tafi tare, mai saye sai dai ya dogara da bakin dillali.

Bindigar Great Basin dai an mayar da ita gandun dajin, tana cikin akwatin gilashi da tsatsarta da tsagaggen katakonta, har yau ba a san wanda ya jingine ta ya tafi ba. Bishiyar da ta tallafe ta kuwa gobarar daji ta cinye ta a 2016.