Gubar Da Ke Shiga Ƙashi

Jama'ar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, yau za mu ba ku tarihin wata guba da a ke kira fuloraid. Tana cikin waɗansu duwatsu, da gawayin ƙasa, da yumɓun da a ke gasa tubali da shi. Kaɗan daga cikinta yana ƙarfafa haƙora, amma in ta yi yawa sai ta taru cikin ƙashi, kuma ba ta fita da sauri.

Cikin shekarar 1932 likitoci a Kofenhagen, babban birnin Danmak, suka ɗauki hoton ƙashin ma'aikatan wata masana'anta da ke niƙa wani farin dutse mai suna kirayolait. Suka tarar ƙasusuwan da yawa daga cikinsu sun yi kauri, gadon bayansu ya sandare, har sunkuyawa ta gagari waɗansu. Mutanen nan ba su ci kome ba, ƙurar dutsen kaɗai su ke shaƙa kullum. Wani likita, Kaj Roholm, ya bi diddigin al'amarin, ya buga littafi a kansa cikin 1937. Tun daga sa'an nan a ke lura da hayaƙin wuraren narka alminiyam da na yin takin supa.

To, kada ku ce wannan ciwon Turawa ne, gama gubar ba ta iska kaɗai ta ke shiga jiki ba. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, tun wajen 1985 mutane suka yi ta shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, har kimanin shekara 15. Ruwan garau ya ke, ba wari, amma fuloraid ɗinsa ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi fiye da sau uku, watau miligiram 1.5 cikin lita guda. Kafin a farga, ɗaruruwan yara sun sami tanƙwararrun ƙafafu da jajayen haƙora.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙonku. Wanda ya tafi neman kuɗi masana'anta, ko ya ke fasa dutse, ko gasa tubali, ya yayyafa ruwa kafin aiki, ya sa abin rufe hanci, ya wanke hannu kafin cin abinci. Kada ya kai tufafin aiki ɗakin yara. In an haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, mai gari ya nemi a auna ruwanta. Tafasawa ba ta kawar da wannan guba, sai ma ta ƙara mata ƙarfi.

Iyaye mata, ku duba bakin 'ya'yanku. In kun ga haƙoran yaran unguwa ɗaya suna yin farin tabo ko ja, alhali ba su cin goro, ku sanar da malamin asibiti tun ƙashi bai tanƙware ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.