Ƙosan Birazil: Yadda Abincin Bayi Ya Zama Abin Alfaharin Ƙasa

 Wannan makon za mu leƙa birnin Salbado na jihar Bahiya, wanda ya kasance babban birnin Birazil daga 1549 zuwa 1763.

Baƙon da ya sauka can zai ga mata cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi, sun kafa kasko a bakin titi suna suyar "acarajé". Ƙosai ne sak: wake ake surfewa, a markaɗa da albasa da gishiri, a soya cikin manja. Sai dai nasu ya fi namu girma. Tsaga shi suke yi, su cusa barkono da busasshen jatan lande da miyar kuɓewa. Sunan daga "akara" na Yarabanci ya samo asali.

Da jiragen bayi ya haye teku. A lokacin, iyayengiji kan tura bayi mata talla, su riƙa kawo musu wani kaso na cinikin. Da ragowar da suke tarawa wasu suka fanshi kansu tun kafin a soke bauta a 1888. Akwai Hausawa cikin waɗanda aka kai Bahiya, da yawansu kamammun yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804. Sun shirya tawaye a 1807, asiri ya tonu. A watan azumi na 1835 kuma Musulmin birnin, yawancinsu Yarabawa, suka tayar da boren Male.

Bukukuwan garin ma na ɗauke da wannan tarihi. A watan Janairu ake "Lavagem do Bonfim", inda mata ke wanke matattakalar wata coci da ruwan ƙamshi. Ranar 2 ga Fabrairu masunta ke kai furanni teku don Yemanja. A addinin Kandombule, ƙosai kansa abin baiko ne ga Yansan, wadda ake yi wa biki ranar 4 ga Disamba. A 2005 hukuma ta sanya sana'ar waɗannan mata cikin kayan gadon ƙasa.

Ga mai niyyar zuwa: ƙosai halal ne, amma shahararren faten wakensu, "feijoada", da naman alade ake dafa shi. A tambaya kafin a ci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.