Mai Zane Da Ɓataccen Ɗa

Karatu: Luka 15:11-32

Yau za mu dubi rayuwar Rembrandt, mai zane na ƙasar Holan, wanda aka haifa a garin Leiden a shekara ta 1606. Ya sha zana misalin ɓataccen ɗa, amma zane biyu ne za mu yi tunani a kansu.

Na fari ya yi shi wajen 1635, yana saurayi mai suna da kuɗi, bai daɗe da auren Saskia ba. Ya zana kansa ne a matsayin ɗan nan cikin gidan giya, da takobi a ɗamara, yana dariya, ya ɗaga kofi sama, matarsa kuwa tana zaune a cinyarsa. Zanen yana birnin Dresden na Jamus. A 1639 ya sayi babban gida a Amstadam, mafi yawan kuɗin kuwa bashi ne.

Daga nan wahala ta bi wahala. 'Ya'yansu uku suka mutu tun suna jarirai. Saskia ta rasu a 1642. A 1656 bashi ya ci ƙarfinsa, daga baya aka yi gwanjon gidan da kayansa. Titus, ɗan da ya rage masa daga Saskia, ya rasu a 1668. Shi kansa ya rasu a 1669, aka binne shi a majami'ar Westerkerk, ba ko dutse mai sunansa.

A shekarun nan na ƙarshe ne ya yi zane na biyu, wanda ke birnin St. Petersburg na Rasha. A ciki ɗan ya durƙusa cikin tsummoki, kansa a aske, takalmi ɗaya ya fita daga ƙafarsa. Tsohon uban ya sunkuya, ya ɗora hannuwansa biyu a bayan ɗansa, haske kuwa yana kansu. A gefe ga wani dogon mutum tsaye, ya haɗa hannuwansa, yana kallo kawai. Masana da yawa sun ce wan ne.

Mu da muka daɗe cikin ikkilisiya, wannan mutum na gefe shi ya kamata mu duba da kyau. Sau nawa wani ya komo bayan shekaru na shaye-shaye ko lalata, muka matsa daga bencin da ya zauna, muna ƙirga masa laifofinsa? Ubangiji Yesu ya ba da misalin nan ne saboda Farisiyawa da malaman Attaura da suke gunaguni don yana cin abinci da masu zunubi. In kuwa mu ne muka yi nisa, kada kunya ta hana mu tashi, gama Uba yana jira.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka karɓe mu sa'ad da muka tuba, ka kuma ba mu zuciyar karɓar 'yan'uwanmu da murna. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.