'Yar Mahaƙin Kwal da Faifanta Na Hamsin

A ƙasar Amurka akwai wata irin waƙa da ake kira kantiri, watau waƙar mutanen karkara. Asalinta daga talakawan da ke zaune cikin duwatsu da gonakin kudancin ƙasar ne. Kakannin waɗansunsu sun zo da goge da tsofaffin waƙoƙi daga Ingila da Sikotilan da Ailan. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma kuma suka zo da wani abin kiɗa mai kama da gurmi, wanda daga baya ya zama banjo. Da zama ya yi zama, sai kaɗe-kaɗen nan suka gauraya. A cikin shekara ta 1927 wani ma'aikacin kamfanin garmaho, Ralph Peer, ya tafi garin Bristol da na'urar ɗaukar murya, ya ɗauki waƙoƙin wasu mutanen ƙauye su uku da ake kira iyalin Carter. Daga nan waƙar karkara ta ƙara bazuwa cikin birane.

Bayan wannan da shekara biyar, ran 14 ga Afrilu, 1932, aka haifi Loretta a wani ɗan ƙauye mai suna Butcher Hollow, cikin duwatsun jihar Kentucky. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya takwas. Ubanta, Ted Webb, mahaƙin kwal ne, yana taɓa ɗan noma a gefe. Gidansu na katako ne, ba lantarki, ba famfo. Aikin ramin kwal kuwa aiki ne mai cin rai, gama ƙurar da mutum ke shaƙa ba ta fita daga huhunsa. Ta kuwa kama uban nan, har ya rasu a 1959, bai ga abin da 'yarsa za ta zama ba.

Loretta ba ta yi nisa a makaranta ba. A watan Janairu, 1948, tana da shekara 15, ta auri wani saurayi da ya komo daga aikin soja, sunansa Oliver Lynn. Ba a jima ba ya ɗauke ta zuwa jihar Washington, can ƙuryar arewa maso yamma, tafiyar fiye da mil 2,000 daga gida. Kafin ta cika shekara 21 ta haifi 'ya'ya huɗu. Aikinta wanki, da girki, da reno. Amma duk abin da take yi bakinta bai rabu da waƙa ba. Da mijin ya lura da haka, sai ya sayo mata molon Turawa, watau gita, a kan dala 17. Ba malami, ba makaranta, ita ta koya wa kanta, har ta soma shirya waƙoƙinta.

A 1960 wani ƙaramin kamfani mai suna Zero ya buga mata faifai na fari. Kamfanin ba shi da ƙarfin talla, saboda haka ita da mijinta suka shiga tsohuwar motarsu, suka riƙa bin gidajen rediyo gari gari, suna roƙon a sa waƙar a ji. Wani lokaci cikin motar suke kwana. Wahalar ba ta faɗi banza ba, gama waƙar ta kai ta 14 a jerin waƙoƙin karkara na ƙasar duka. Suka koma birnin Nashville na jihar Tennessee, inda makaɗan karkara ke taruwa. A 1962 aka karɓe ta cikin Grand Ole Opry, shirin rediyon nan da aka soma tun 1925, wanda shi ne babban dandalin wannan sana'a. A Nashville wata shahararriyar zabiya, Patsy Cline, ta riƙe ta kamar ƙanwa, tana ba ta tufafi da shawara. Da Patsy ta rasu cikin hatsarin jirgin sama a 1963, Loretta ta haifi tagwaye a shekara ta gaba, ta sa wa ɗaya sunanta.

To, abin da ya bambanta Loretta da zabiyoyin zamaninta shi ne, ta faɗi abin da matan talakawa ke haɗiyewa. Mijinta mashayi ne, mai neman mata, ba ta kuwa ɓoye ba. Ta yi waƙa a kan miji mai komowa gida da maye, da macen da ke neman raba ta da mijinta, da wahalar haihuwa bi da bi. A 1975 ta fitar da waƙa a kan maganin tazarar haihuwa, gidajen rediyo da yawa suka ƙi sa ta, amma mata suka yi ta saye. A 1970 ta yi waƙar da ta fi kowace tashe, Coal Miner's Daughter, watau 'yar mahaƙin kwal, inda ta ba da labarin gidan ubanta ba tare da jin kunyar talaucinsa ba. A 1972 ƙungiyar makaɗan karkara ta zaɓe ta gwanar shekara, ita ce mace ta fari da ta sami wannan. Littafin tarihinta ya fito a 1976, aka mai da shi majigi a 1980.

Kwanci tashi, tsufa ya zo. Mijinta ya rasu a 1996, bayan zaman shekara 48. A 2017 ciwon shanyewar jiki ya buge ta, ta bar yawon wasa, a farkon 2018 kuma ta faɗi ta karye a ƙugu. Mutane suka ɗauka ta gama. Ashe tun shekarun baya tana ta zuwa wani ɗan ɗakin ɗaukar murya kusa da Nashville, tana ajiye waƙoƙi sabbi da tsofaffi. Masu kula da aikin su biyu ne: 'yarta Patsy, da John Carter Cash, wanda kakarsa, Maybelle, tana cikin mutum ukun nan da aka ɗauki muryarsu a Bristol.

Ran 19 ga Maris, 2021, tana da shekara 88, aka fitar da faifan da ake kira Still Woman Enough, ma'anarsa har yanzu ita cikakkiyar mace ce. Kamfanin da ya buga shi ya lissafa shi faifanta na 50, ban da waɗanda ta yi tare da abokin waƙarta, Conway Twitty. Ya kuma fito daidai da cikar shekara 50 da fitowar babban faifanta mai ɗauke da waƙar 'yar mahaƙin kwal.

Waƙoƙi 13 ne a ciki, wanda ya saurare su da natsuwa kuwa zai ga tarihin zuriya ne aka jera. Akwai na magabata, har da wadda iyalin Carter suka buga a 1928, da wata ta Hank Williams. Akwai nata na dā, har da waƙarta ta fari ta 1960. Waƙar gidan ubanta kuwa ba ta rera ta ba, faɗinta ta yi da baki a hankali, kamar yadda tsohuwa ke ba jikoki labari da dare. Sa'an nan ta kira zabiyoyi huɗu da suka biyo bayanta suka haɗa murya da ita: Tanya Tucker, da Reba McEntire, da Carrie Underwood, da Margo Price. Yadda Patsy Cline ta kama hannunta tana baƙuwa, haka ita ma ta kama nasu, ta danƙa musu abin da ta gada.

Littattafan tarihi sukan cika da labarin shugabanni da attajirai masu ramukan kwal. Ba safai ake rubuta na wanda ya shiga ramin ba, balle na matarsa da ke jiran fitowarsa. Da Loretta ta yi shiru, da labarin irin waɗannan gidaje ya bi masu shi kabari. Ita ta adana shi cikin waƙa shekara 60, ta kuma tabbatar akwai masu ɗauka kafin ta tafi.

Wannan faifai shi ne na ƙarshe da ya fito tana da rai. Ta rasu cikin barci ran 4 ga Oktoba, 2022, a gidanta na Hurricane Mills, tana da shekara 90. Ɗan gidan katakon nan na Butcher Hollow kuwa ya zama wurin ziyara, mutane suna zuwa daga nesa don su ga inda mahaƙin kwal ya yi renon 'yarsa.